Tabarmar da ke Shan Numfashi

A wani zamani da ya shuɗe, tun ƙasa ba ta gama rufe ƙofofinta ba, an yi wani gari da ake ce wa Kwarin Gamji. A garin akwai wani mahaƙin rijiya mai suna Jatau, da matarsa Barmani, masaƙiyar tabarma. Shi mutum ne shiru-shiru, sai ya wuni bai ce uffan ba. Ita kuwa Allah ya ba ta hannu ya kuma ba ta baki, har mutanen gari kan ce maganar gidan duka a wurinta aka ba da ajiya. In ta leƙa ɗaki sau ɗaya ta san tabarmar da za ta cika shi, ta san ranar da za ta gama. Ba ta taɓa saɓawa ba, ba ta kuma taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Wata shekara ruwa ya yi nisa, Jatau ya shiga haƙa sabuwar rijiya a bayan gari. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce yashi, ya wuce laka, sai digarsa ta ci karo da wani farin dutse. Dutsen a jere yake, hawa kan hawa, siri-siri, kamar tabarmin da aka jibga a rumfar kasuwa. Mai lura in ya ga abu a jere ya san da mai shi. Jatau kuwa ruwa yake nema, ya ɗaga diga ya sara.

Masu riƙe da igiya a sama suka ji ƙasa ta yi ajiyar zuciya. Fitilar da ke kusa da ƙafarsa ta mutu ba tare da komai ya hura ta ba. Suka ja igiya da sauri, suka fito da shi a sume. Kajin da ke kiwo a bakin rijiyar suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, wata akuya ta sunkuya ta shinshina ita ma ta kife. Aka ce iska ce. Wasu na nufin wadda ake shaƙa, wasu na nufin wadda ake tsoro, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba.

Jatau ya farfaɗo a gida, amma yatsun ƙafarsa sun yi fari fat, sun ƙanƙare. Barmani ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ta ji ƙarar dutse. Kafin washegari farin ya kai idon sawu. Aka yi turare, aka yi tofi, aka yi shafe-shafe, dutse dai hawa yake yi. Duk wanda ya shigo gaishe shi sai ya saci kallon ƙirjinsa, don kowa ya san inda abin ya dosa.

Barmani ta ci ɗamara ta tsaya a kansa. Ta ce, "Malam, abin da ka fasa da mai shi. Zan je in ba shi haƙuri."

Jatau ya ce, "Ke dai ki zauna."

"In zauna in yi me? In jira ka zama dutsen niƙa? Ni ina da nawa a tsakar gida, ba na buƙatar na biyu."

Ya dube ta, ya so ya yi dariya, hawaye suka riga dariyar fitowa. Ya ce, "Ba ki taɓa shiga rijiya ba."

Ta ce, "Kai ma ba a cikinta aka haife ka ba." Ta kira 'yarsu Ladingo ta ce ta kula da ubanta, ta fice ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta tafi ba.

Abokan aikin mijinta suka ɗaura mata igiya suna roƙonta ta fasa. Ta toshe hanci da bakin mayafi, suka zura ta. Da ta kai ƙasa ta ga ɓarakar da diga ta yi, faɗinta kamar faifai. Tana sa ƙafa a bakinta ɓarakar ta buɗe ta haɗiye ta, igiyar ta koma sama ba kowa.

Ta faɗo a wani daji da babu ganye ko ɗaya a cikinsa. Bishiyoyin duk na hayaƙi ne, ga kuka, ga marke, ga kirya, kowace da siffarta da rassanta, suna rawa ba iska. Duk itacen da ɗan Adam ya taɓa ƙonawa nan yake tsaye. Daga cikin wata tsamiya ta hayaƙi wani dogon baƙin aljani ya fito, idanunsa kamar garwashi.

Ya ce, "Wace ce ke tafiya da ƙafa a inda ba a tafiya sai da iska?"

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, sunana Barmani. Maigidana ne ya fasa farin dutse, na zo neman mai shi."

"Ni ne Sarkin Hayaƙi. Mai dutsen tana gaba. Ki ratsa dajina, amma in kika yi tari ko sau ɗaya, kin zama ɗaya daga cikin itatuwana."

Bai san da wa yake magana ba. Macen da ta yi shekara da shekaru tana hura ɗanyen itace da damina ba za a tsorata ta da hayaƙi ba. Ta ratsa dajin idanunta na zuba, maƙogwaronta na ƙaiƙayi, ba ta yi tari ba. Da ta fita, ta ji muryarsa a bayanta, ta yi sanyi fiye da dā. "'Yar Adam, a gabanki akwai kwazazzabo. Duk abin da ya taɓa ƙafarki, kada ki sunkuya."

Kwazazzabon ba ruwa a cikinsa, amma wani abu mai ɗumi na gudu a ƙasansa, ya kai mata gwiwa. Numfashi ne, na duk mai rai da ya taɓa fesar da shi, yana gangarawa da nauyinsa kamar rafi. Tana cikin tafiya wani ya shafi ƙaurinta, mai warin daddawa da man shanu, ta gane na mahaifiyarta ne da ta rasu tun tana budurwa. Ta cije ta wuce. Can gaba wani ɗan ƙarami ya zo ya naɗe mata idon sawu, mai ƙanshin nono. Na ɗanta ne na fari, wanda bai kai ranar suna ba. Bayanta ya fara lanƙwasawa da kansa. A gefe kuwa ga ƙasusuwan waɗanda suka sunkuya, kowanne hannunsa a miƙe. Barmani ta ɗaga fuska sama, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ranar da aka binne ɗan nata, ta ci gaba da jan ƙafa har ɗan ɗumin ya sake ta.

Kwazazzabon ya fito da ita bakin wani tafki da ba a hangen ƙarshensa. Rana na tsaye a kansa fara tas. Ruwan bai wuce idon sawu ba, kuma duk gindinsa da fuskarsa a shimfiɗe suke da gansakuka, koriya mai sirkin shuɗi, lumui, ba ko karaya. Rafin numfashin nan cikin tafkin yake shiga ya narke. Ko'ina ƙananan kumfa na tasowa suna fashewa, iskar wurin kuwa daɗi gare ta kamar bayan ruwan farko.

Ƙishirwa ta kama ta. Ta tsuguna ta yi abin da kowace mace ke yi a bakin tafki tun kaka da kakanni: ta sa bayan hannu ta kore gansakukar gefe don ta sami ruwa mai kyau.

Tafkin ya yi ƙara. Muryoyi ne sirara, ba su ƙirguwa, kamar dukan sauron duniya sun yi kuka tare. Gansakukar tsakiyar tafki ta kumbura, ta miƙe, ta zama tsohuwa doguwa mai koren mayafi, ruwa na tsiyaya daga gashinta. Ƙafafunta farin dutse ne.

Tsohuwar ta ce, "Miji ya fasa mana rumbu daga sama, mata ta zo ta yage mana shimfiɗa. Me muka yi wa gidanku?"

Barmani ta zube. "Tuba nake, Inna. A garinmu ƙazanta muke ɗaukarta. Rashin sani ya fi dare duhu."

"Ƙazanta." Tsohuwar ta maimaita kalmar a hankali. "Ni ce Inna Tsanwa, uwar masaƙan wannan tafki. Matso ki ga ƙazantar."

Ta shafa wa Barmani ruwa a ido. Nan take gansakukar ta buɗe mata. Zaruruwa ne masu rai, sun fi gashin jariri siranta, suna rarrafe a kan juna, suna saƙa kansu da kansu, kowanne na neman ya ɗora fuskarsa ga rana. Barmani ta san saƙa in ta gan ta. Ba ta taɓa ganin mai kyan wannan ba, kishi da mamaki suka kama ta lokaci guda.

Inna Tsanwa ta ce, "A cikin kowane numfashi da kuka fesar, da kowane hayaƙin murhunku, akwai gawayi wanda ido ba ya gani. Da an bar shi ya taru, da duniyarku ta zama kamar gindin rijiyar mijinki. 'Ya'yana suna shan sa daga cikin ruwa. Da ƙarfin rana suke tsaga shi, su saki iska mai kyau, ita ce kumfar da kike gani, ita kuke shaƙa ba ko na gode. Gawayin kuwa da shi suke gina jikinsu, da shi suke yin yauƙin da ke kama yashi da farar ƙasa."

"To dutsen fa, Inna?"

"Ɗaga gefen da kika yaga."

Barmani ta ɗaga. Saman kore ne, ƙarƙashinsa ja-ja, ƙarƙashin wannan baƙi mai wari, daga nan sai fari, hawa kan hawa har inda ido bai kai ba.

Inna Tsanwa ta ce, "Na sama su ne masu rai. 'Ya'yansu za su hau kansu su tare musu rana, su mutu a duhu. Mafi yawan abin da suka tara, ƙananan halittun da ke ƙasa su cinye su mayar wa iska. Ɗan abin da ya rage shi ke danƙarewa ya zama dutse. Ba mu da tukunya, ba mu da rumbun laka. Gawarwakinmu ne rumbun. Su ne mijinki ya sara, kuma dutse ba ya barin gurbi. Abin da aka ɓalle masa yana cikewa ne daga jikin wanda ya ɓalle."

Barmani ta ce, "Babu wata hanya?"

Inna Tsanwa ta kai ta wani wuri a tsakiyar tafkin. Ga gurbin da digar Jatau ta bari, rami baƙi ƙirin, faɗinsa kamar faifai, mugunyar iska na ɓulɓulowa daga ciki. Zaruruwan na zuwa bakinsa su miƙa, su rasa abin kamawa, su faɗa.

"'Ya'yana ba su iya ƙetare fili. Suna buƙatar hannun da zai jera su, ya tallafe su, ya share musu yashin da ke tare rana. In aka sami mai zama a nan, dutse zai saki mijinki ya jira. In mai zaman ya tashi aiki bai ƙare ba, dutse zai koma inda ya tsaya."

Barmani ta dubi ramin da idon sana'a. Faifai ɗaya. Ita da kan gama tabarmar zaure kafin kasuwa ta zagayo. Zuciyarta ta yi fari, bakinta ya riga hankalinta. Ta ce, "Wannan ai ko wuni ba zai ci ba. Na rantse da wanda ya yi ni ya yi ki, ba zan tashi daga nan ba sai na cike shi."

Inna Tsanwa ta ce, "An ji, an karɓa."

Ta zauna cikin ruwan, ta gyara zama yadda inuwarta ba za ta faɗa kan aikin ba. Yatsunta suka shiga rawa. Kafin rana ta karkata ta rufe bakin ramin da saƙa mai kyau, ba ko kafa. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Inna, ga aikinki."

Inna Tsanwa ta duba, ta ce, "Madalla da hannu. Wannan fatar farko ce, kaurinta bai kai ɓawon albasa ba. Za ta mutu ta kwanta, a yi wata a kanta. Ramin kuwa zurfinsa kamu guda ne. Ke faɗi kika auna, 'yar Adam. Mu kauri muke aunawa."

Barmani ta daɗe tana kallon ramin. Baki shi ke yanka wuya, ta sha faɗa wa wasu, yau ga shi ya zo kanta. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaushe zai cika?"

"Mu ba ma ƙirga."

"To maigidana fa? Ta yaya zan san ya tashi?"

"Duk numfashi nan yake zuwa. In kin san nasa, za ki ji shi."

Ta san shi kuwa. Bayan 'yan kwanaki ya iso cikin rafin, ya ratsa ruwa ya shafi yatsunta, mai warin goro da jar ƙasa. Da farko guntu-guntu yake zuwa, na mai jinya. Daga baya ya yi tsawo, ya yi ƙarfi, na mutumin da ya miƙe yana tafiya da ƙafafunsa. Barmani ta yi guɗa ita kaɗai a tsakiyar tafki, har zaruruwan suka firgita.

Haka zama ya miƙa. In yunwa ta kama ta, Inna Tsanwa ta ba ta busasshiyar gansakuka ta tauna. Da safe ta jera zare, da rana ta share yashi, ta ga na jiya sun dushe sun kwanta. Maganar da ta saba zubarwa ba ta da mai saurare, sai ta koma yi wa zaruruwan faɗa, tana ce musu malalata, su kuwa ba su ƙara sauri ba ko kaɗan.

Ta koyi karanta numfashin mijinta yadda take karanta saƙa. Ta san lokacin da yake haƙa, ta san lokacin da yake barci. Kullum da hantsi kuma yakan zo da wata siffa dabam, fitarwa uku a jere, da ƙarfi, sannan shiru mai tsawo. Ta daɗe ba ta gane ba. Ranar da ta gane, hannunta ya tsaya cak. Sunanta yake kira a bakin rijiya. Sauti ba ya isowa tafkin, iskar kiran kaɗai ke zuwa. Mutumin da ba ya son magana, ga shi kullum yana ihu cikin rami. Ta amsa da iya ƙarfinta, ta san ba zai ji ba. Abin da kawai take iya aika masa shi ne kumfar da ke tashi daga ƙarƙashin hannunta, sai ta riƙa zaɓar masu kyau tana tura su da ɗan yatsa.

Sau da yawa ta yi niyyar tashi. Ta ce a ranta, in je in gan shi ko sau ɗaya, in ya so dutse ya yi abin da zai yi. Sai numfashin ya zo lafiyayye, ta tuna ƙarar da yatsun ƙafarsa suka yi, ta gyara zama.

Wata rana wani sabon numfashi ya iso tare da na Ladingo, ɗan mitsitsi mai ƙanshin nono, ta san ta yi jika. Wannan bai tsaya ba, ya girma, har ya fara warin taba. Gashin Barmani ya yi fari, ta gani a cikin ruwa. Ramin da hannunta ke nutsewa a ciki har gwiwar hannu ya dawo wuyan hannu, ya dawo tsawon ɗan yatsa. Numfashin Jatau kuma ya fara gajarta, yana zuwa da ƙugi irin na tsofaffi. Kiran hantsi bai fasa ba, sai dai yanzu yakan huta tsakanin fitarwa da fitarwa.

Ran nan da hantsi kiran bai zo ba. Ta jira, hannunta a cikin ruwa. Da rana ta take tsaka wani numfashi ya iso shi kaɗai, dogo, a hankali, ba gaggawa a cikinsa. Ya kwanta a tafin hannunta. Ta jira na bayansa, babu.

Zaruruwan suka taso suka sha shi, kamar yadda suke shan na kowa. Kumfa ɗaya ta tashi ta fashe. Barmani ta shafa wurin, ta ji ya yi daidai da sauran gindin tafkin, ba rami, ba gurbi.

Inna Tsanwa ta miƙe daga cikin ruwa. Ta ce, "Aiki ya cika, rantsuwa ta sauka. Mijinki ya ci kwanakinsa duka, ya mutu da naman jikinsa a kan shimfiɗarsa, jikokinsa na kewaye da shi. Tashi, 'yar Adam, an sallame ki. Zan buɗe miki hanya har bakin rijiya."

Barmani ba ta ɗago ba. Ta ce, "Inna, na ƙarshen nan, ina ya shiga?"

"Yana ƙarƙashin hannunki, cikin fatar yau."

"Zai zama dutse?"

"Na gaya miki tun farko. Mafi yawa ana cinyewa a mayar wa iska. Sai abin da aka danne da wuri, aka rufe shi da kyau, shi ke zama."

Barmani ta ɗago kai. Ta dubi hanyar da aka buɗe mata, haske na shigowa ta ciki, har tana jin kukan zakaran wani gida. Sannan ta kwance mayafinta ta ninke, ta kwanta a hankali cikin ruwan, ta ɗora ƙirjinta daidai wurin.

Ta ce, "To a rufe da kyau."

Inna Tsanwa ta tsaya a kanta, ta kauce don kada ta tare rana. Zaruruwan suka fara hawa ta gefen hannunta, ba su yi sauri ba.

Iyakar abin da ya iso kunnenmu ke nan, sauran yana wurin Masani.